Yadda ake zaɓen ƙaramar libarba da kubenta don ɗauka a ɓoye kullum a Amurka

Yawancin masu sayen ƙaramar libarba a Amurka ta wutsiya suke fara cinikin. Mutum ya shiga shago, a jera masa bindigogi a kan gilashi, ya ɗaga wannan ya ɗaga waccan, ya zaɓi wadda ta fi rashin nauyi. Sai a bakin ƙofa ya tuna da kube, ya fizgi na nailan mai araha wanda aka ce kowace bindiga na shiga. Kafin wata biyu bindigar ta koma akwati: harba ta na sa hannu ciwo, kuben kuma yana zamewa a ƙugu. Tsarin da ya fi dacewa shi ne ka fara da inda za ka ɗaura ta a jikinka da irin tufafin da kake sawa kullum. Wannan ne zai gaya maka nauyin da za ka iya jurewa, nauyin kuma ya gaya maka irin harsashin da hannunka zai ɗauka.

Doka tukuna

Dokar tarayya ta Amurka ba ta yarda dillali mai lasisi ya sayar wa ɗan ƙasa da shekara 21 ƙaramar bindiga ba. Mai saye zai cike takarda mai lamba 4473, a binciki tarihinsa kafin a miƙa masa. Mai takardar zama ta dindindin yana iya saye a ƙarƙashin dokar tarayya, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara an hana shi riƙe bindiga, in ban da wasu 'yan keɓantattun hanyoyi. Wanda ya yi ganganci a nan, zamansa a ƙasar ne ya sa a caca.

Izinin ɗauka a ɓoye kuwa na jiha ne. Zuwa shekarar 2024 jihohi 29 sun yarda a ɗauka ba tare da lasisi ba, sauran suna neman lasisi, wasu da darasi da gwajin harbi. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuni 2022 a shari'ar Bruen ya hana jiha ta ce sai ka kawo dalili na musamman, amma bai soke lasisin ba. Lasisin jiha ɗaya ba lallai ya yi aiki a maƙwabciyarta ba, kuma birnin New York yana da nasa daban. Gine-ginen gwamnatin tarayya, gidan waya, kotuna, da cikin filin jirgin sama bayan wurin bincike duk haramtattun wurare ne. Makarantu da wuraren ibada kowace jiha da nata hukuncin, don haka ka karanta na jiharka kafin ka shiga masallaci da ita. A Michigan, da zarar ɗan sanda ya tsayar da kai dole ka gaya masa kana ɗauke da bindiga. Uber da Lyft sun hana direbobinsu ɗauka a kan aiki. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun bindigogi waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, saboda haka duk abin da ke ƙasa na mazaunin Amurka ne mai cikakken izini.

Me ya sa libarba

Yawanci harsashi biyar ko shida kawai take ci, kunamarta na da tauri, saitinta ƙarami ne, sake loda ta kuma yana cin lokaci. Duk wanda ya ce maka ita ce bindigar ɗan koyo bai harba ta da yawa ba, domin tana cikin mafi wuyar harbi daidai. Abin da take bayarwa a madadin haka shi ne siffa mai lanƙwasa wadda ba ta zana kanta a jikin tufafi kamar bindiga mai kusurwa huɗu, tana jure ƙura da zaren aljihu, ba ta da wani makulli da za a tuna da shi a lokacin firgici, kuma idan harsashi ɗaya ya ƙi tashi, sake jan kunama na kawo na gaba. Ana iya harba ta ko da bakinta ya dannu a jikin abu, inda bindiga mai zamiya a sama, wato mai loda kanta bayan kowane harbi, kan ƙi tashi.

Nauyi: nan ne ake faɗawa rami

Ƙananan libarba sun kasu uku ta fuskar nauyi, kuma bambancin gram ɗari biyu a hannu ya fi yadda ake zato.

Na tsakiya su ne masu gangar jikin alminiyam. Smith & Wesson 642 da 442 suna kusan gram 410 ba harsashi, bututunsu bai kai inci biyu ba, suna cin harsashi biyar irin .38 Special. Ruger LCR, wadda ta fito a 2009, tana kusan gram 380 a irin wannan harsashi, rabin jikinta na ƙasa roba ce mai tauri. Waɗannan ne aljihu da idon sawu ke iya ɗauka daga safe zuwa dare, kuma mafi yawan mutane a nan ya kamata su tsaya.

Masu nauyi su ne na baƙin ƙarfe mara tsatsa: Smith & Wesson 640 sama da gram 600, Kimber K6s kusan gram 650 mai cin shida, Colt Cobra da aka dawo da ita a 2017 kusan gram 700 ita ma mai cin shida, da Ruger SP101 wadda ta haura gram 700. Harbinsu na da daɗi, nauyin na shanye shurin, wato bugun da bindiga ke yi wa hannu idan ta tashi. Amma a aljihun wando suna ja ƙasa, suna dukan cinya a kowane taku. Wurinsu ƙugu ne, a kan bel mai ƙarfi.

Sai na ƙarshe, masu rashin nauyi sosai, irin Smith & Wesson 340PD mai silindar titaniyam (silinda shi ne ƙarfen nan mai juyawa da ramukan harsashi ke ciki), kusan gram 330, wadda aka yi ta don .357 Magnum. A shago ita ke sace zuciya. A filin harbi kuwa, harsashin magnum a cikinta kamar a doki tafin hannu ne da sanda. Masu ita da yawa ba sa ƙarasa biyar ɗin farko, kuma abin da ya fi ciwon muni shi ne ɗabi'ar da take koyarwa: hannu ya fara zabura tun kafin ƙarar ta fito, harsashi ya riƙa faɗawa ƙasa da hagu ga mai harbi da dama. Cire wannan ɗabi'a ya fi koyon harbi daga farko wuya. A jikin bututunta ma an rubuta kada a sa harsashi mai nauyi ƙasa da grain 120 (grain ma'aunin nauyin dalmar harsashi ne), domin wutar marasa nauyi na cin fuskar silindar.

Ma'aunin da ya dace mai sauƙi ne. Filayen harbi da yawa suna ba da hayar bindiga. Ka harba hamsin a zama ɗaya. Idan a na talatin ka fara neman dalilin tsayawa, wannan bindigar ta yi maka rashin nauyi, ko harsashin ya yi mata ƙarfi.

Guduma: a waje, a lulluɓe, ko a ciki

Smith & Wesson ta fito da siffofi ukun tun tuni. Chiefs Special ta 1950 gudumarta, wato ƙarfen da ke dukan gindin harsashi ya tashi, a waje take, Centennial ta 1952 an rufe ta ciki gaba ɗaya, Bodyguard ta 1955 kuma an yi mata ƙusumbi da ke lulluɓe gefenta, ɗan kanta kawai ke leƙowa. A yau su ne 637, 642 da 638. Ruger ma tana da LCR mai rufaffiyar guduma da LCRx mai ta waje.

Don ɗauka a ɓoye, rufaffiya ce zaɓi. Ƙahon guduma ƙugiya ne, yana kama bakin aljihu da shafin riga a daidai lokacin da ake gaggawa. Ramin mai ƙusumbi kuma yana tara zare, har ƙaramin kwabo na iya maƙalewa a ciki. Wasu na son ta waje don su ɗana ta da babban yatsa su sami kunama mai laushi. A lokacin tsoro wannan laushin haɗari ne, kuma sauke gudumar da aka ɗana a kan harsashi da hannu mai rawa ya jawo harbin kuskure ba sau ɗaya ba. Rufaffiyar tana da wani amfanin da ba a cika faɗa ba: bayanta ya fi tsawo, hannu na iya hawa sama, bakin bindigar ya rage tsalle.

Harsashi

.38 Special shi ne gida. Yana ko'ina, kuma yana da iri daga mai taushi zuwa mai ƙarfi. Alamar +P na nufin an ƙara masa matsi, kuma sai a bindigar da aka rubuta wa cewa tana ɗauka. Matsalar gajeren bututu ita ce harsashi na fita kafin ya sami cikakken gudu, shi ya sa mai rami a baki, wanda ake so ya buɗe ya faɗaɗa idan ya shiga abin da aka harba, yakan ƙi buɗewa in don dogon bututu aka ƙera shi. Speer Gold Dot +P mai nauyin grain 135 an yi shi ne musamman don gajeren bututu. Ma'aunin da hukumar FBI ke amfani da shi shi ne harsashi ya shiga inci 12 zuwa 18 a cikin daskararren ruwan gwaji, kuma shiga ya fi buɗewa muhimmanci.

Wanda +P ya fi ƙarfin hannunsa kada ya ji kunya. Akwai harsashin gasa mai shafaffen baki, mai nauyin grain 148, wanda dalmarsa ke nutse cikin kwanso. Shurinsa kaɗan ne, yana shiga da kyau, yana yanka rami mai tsabta. Aibinsa ɗaya: shafaffen baki na wahalar shiga silinda da sauri, don haka na ajiya a aljihu ya zama mai tsinin baki.

Iyalin .32 sun cancanci a duba su. A silinda mai girman ta biyar ana samun shida, shuri kuma ya ragu. LCR mai .327 Federal Magnum tana cin .32 H&R Magnum da .32 S&W Long duka, wato mutum na iya hawa daga mai taushi zuwa mai ƙarfi a bindiga ɗaya. Sai dai harsashin ya fi tsada, ba kowane shago ke da shi ba. .22 kuwa tana cin takwas a LCR, ba ta shuri, amma kunamarta ta fi kowacce tauri domin irin wannan harsashi na bukatar duka mai ƙarfi, kuma ya fi saurin ƙin tashi. .357 Magnum a gajeren bututu ƙara ce da walƙiya, sai a bindigar ƙarfe. Jihar New Jersey tana da takunkumi na musamman a kan harsashi mai rami, mazaunanta su duba.

Abu biyu ake gwadawa da duk harsashin da aka zaɓa. Na farko, inda yake faɗawa. Saitin waɗannan bindigogi ba ya motsi, kuma da yawa an daidaita su da harsashi mai nauyin grain 158, saboda haka marasa nauyi kan faɗa ƙasa da inda aka auna. Na biyu, zamewar dalma. A bindiga mara nauyi, shuri na fizgar kwanso baya, dalmar harsasan da ba a harba ba ta riƙa leƙowa gaba kaɗan-kaɗan har ta fito bakin silinda ta hana shi juyawa. Bindigar ta mutu ke nan a hannu. Gwajin: loda biyar, harba huɗu, fito da na biyar ka jera shi da sabo. Mayar da shi, ƙara sababbi huɗu, sake harba huɗun. Idan ya ƙara tsawo da ido ke gani, wannan harsashi da wannan bindiga ba sa zama tare.

Kunama da mariƙi

Ja ɗaya ne ke juya silinda, ya ɗaga guduma, ya sake ta. A ƙananan Smith & Wesson wannan jan yakan kai kilo biyar zuwa shida, a bindigar da ba ta kai rabin kilo ba. LCR ta fi laushi, amma tana da tarkonta: idan yatsa bai saki kunama ta koma gaba har ƙarshe ba, ja na gaba zai tsallake ko ya maƙale. Maganinsa a saba sakin ta gaba ɗaya. Santsi ya fi laushi amfani. Kada a yanke sifirin ko a sa mai rauni don a rage tauri, domin dukan guduma zai ragu, wasu harsasan su ƙi tashi.

Mariƙi shi ne gyara mafi araha. Gajere mai ɗaukar yatsa biyu ya fi ɓoyuwa a aljihu. Mai tsawo da ke ba ƙaramin yatsa wurin zama ya fi riƙo. Wanda ya rufe ƙarfen baya da roba yana rage zafi sosai, yana kuma ƙara nisan yatsa zuwa kunama, abin da ke taimakon mai babban hannu. Gaɓar farko ta yatsa ce ya kamata ta zauna a kan kunama ba tare da an karkata hannu ba. Roba mai ɗanko tana kama riga ta ɗage ta, don haka mai ɗaura a ƙugu ya fi dacewa da katako ko roba mai santsi. Saitin gaba kuma, in baƙi ne, a goge shi a shafa farin fenti, in ya bushe a ɗora lemo ko ja a kai.

Babban yatsan hannun taimako kada ya wuce gaban silinda. Tsakanin silinda da bututu akwai 'yar tazara, wuta mai yanka fata ke fita ta nan.

Dubawa a shago

Ko sabuwa ce, a duba. Buɗe silinda, ka gani da idonka ka taɓa da yatsa cewa ba harsashi, ka nemi izinin mai shago kafin jan kunama, bakin kuma ya kalli inda ba kowa.

Ja kunama a hankali a kan kowane rami. Dole a ji ƙaramin ƙas na makullin silinda kafin guduma ta faɗi. Idan guduma ta riga shi ko a rami ɗaya, daidaiton juyin silinda ya ɓaci, za ta riƙa aske dalma tana watsawa gefe. Riƙe kunama a baya bayan ta faɗi, ka girgiza silinda: ɗan motsi kaɗan ba laifi, kaɗawa kuwa laifi ne. Tura silinda gaba da baya, kada a ji yana tafiya. Ɗaga ta ga haske ka dubi tazarar silinda da bututu. Kusan inci 0.006 ake so, tsakanin kaurin takarda ɗaya da biyu, kuma ta zama daidai a kowane rami. Juya silinda a buɗe ka kalli sandar fitar da kwanso, in tana rawa a lanƙwashe take. Dubi bututun daga sama, kada saitin gaba ya karkata. A tsohuwar bindigar alminiyam, a leƙa ƙarƙashin gindin bututu da fitila, nan ne gangar jiki ke tsagewa.

Kada a taɓa rufe silinda da wurgin hannu kamar yadda ake yi a fim. Yana lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da silindar.

Kube

Aiki huɗu ake nema daga kube. Ya rufe kunama ta ɓangarorin biyu da abu mai tauri yadda ba za a iya jan ta daga waje ba. Ya riƙe bindiga ko an yi gudu ko an faɗi. Ya tsaya wuri ɗaya a kusurwa ɗaya. Ya bar hannu ya sami cikakken riƙo tun tana ciki. Wanda ya kasa ɗaya daga ciki ba kube ba ne, jaka ce. A saya wanda aka ƙera don ainihin samfurin: zoben kunamar LCR ya fi na Smith & Wesson girma, kuben roba mai tauri na ɗayar ba ya karɓar ɗayar.

Aljihun gaba shi ne inda ƙaramar libarba ta fi kowace bindiga. Kuben aljihu na da aiki na biyar: ya zauna a aljihu idan an zaro. Wasu, irin DeSantis Nemesis, da ɗankon bayansu suke kama ƙyalle. Wasu da ƙugiya a kusurwa da ke kama bakin aljihu. Faɗin gindinsa ya cika ƙasan aljihun don kada bindiga ta kifa, ya kuma ɓata siffar silinda ta zama kamar walat. Aljihun nan nata ne ita kaɗai, ba mukulli, ba kwabo, ba waya. Babban amfaninsa shi ne mutum na iya sa hannu a aljihu ya riƙe ta ba wanda ya lura. Babban aibinsa shi ne a zaune, musamman a mota da bel ɗin kujera, da ƙyar take fita. Wandon jins mai matsattsen aljihu ba ya yi, domin dunƙulallen hannu ba ya fita ta inda buɗaɗɗe ya shiga. A ɗora babban yatsa a bayan bindigar lokacin zarowa, hannu zai rage kauri. Mayarwa kuwa hanya ɗaya ce: fito da kuben, sa bindiga a ciki, mayar da su tare.

Cikin wando a ƙugu iri biyu ne. Na bayan ƙashin ƙugu ya fi daɗi ga mai tumbi da mai yawan tsayuwa, a ɗan karkata mariƙin gaba don ya kwanta a jiki, amma yana zana kansa idan an sunkuya. Na gaba, tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu, ya fi saurin zarowa, yana samuwa a zaune, kuma ido na kansa. Sai dai bakin bindigar na kallon cinya inda babbar jijiyar jini ke wucewa, don haka mayarwa sai a hankali: a ɗage riga sosai, a duba cikin kuben, a tura ƙugu gaba, yatsa a miƙe nesa da kunama. Ba a gaggawar mayar da bindiga.

Akwai wata matsala ta gajerun libarba a nan. Nauyin na sama da bel, abin da ke ƙasa kaɗan ne, sai mariƙin ya riƙa kifowa waje. Maganin shi ne kube mai ɗan tsawo fiye da bututun, da ɗan matashin soso a bayansa daga ƙasa wanda ke tura mariƙin ya koma jiki, da ɗan fiffike a gefe da ke danna bel ya juyo da gindin mariƙin ciki. Silinda, wanda kaurinsa ya kai kusan milimita 33, ya zauna ko dai sama da layin bel ko ƙasa da shi. In ya zauna daidai ƙarƙashin bel, zai yi ƙullutu ya kuma ci fata.

Bel ɗin ma ɓangaren kube ne. Mai faɗin inci ɗaya da rabi, mai tauri yadda ba ya naɗewa idan an matse shi a tsaye. Maƙalin kuben ya dace da faɗinsa. Faffaɗan maƙalin roba guda ɗaya shi ne ke yawan kuɓucewa, kube ya biyo bindiga waje. Na ƙarfe mai ƙugiya ko madaukin fata mai maɓalli sun fi.

Mai sa kaftani da wando mai zariya, ko mace mai doguwar riga, lissafinsu daban ne. Zariya ba ta ɗaukar kube, aljihun gefen kaftani kuma yana lilo yana bugun cinya, bakin bindiga na kallon ko'ina. Abin da ke aiki shi ne ɗamara mai zaman kanta a ƙarƙashin tufafi wadda aka ɗaura wa kube mai tauri, irin PHLster Enigma. Ɗamarar roba zalla mai aljihun ƙyalle ba ta kare kunama. Doguwar riga kuma sai an tattare ta har sama kafin hannu ya kai, abin da ke bukatar atisaye na musamman, ko tela ya buɗe ƙasan aljihun gefe ya zama ƙofa.

Idon sawu na direba ne da mai zaman ofis. Ana ɗaurawa a cikin ƙafar da ke kishiyar hannun harbi, mai dama a cikin ƙafar hagu. Sai bindiga mara nauyi, sai wando mai faɗin ƙafa, sai kube mai ulu a ciki irin Galco Ankle Glove. A tsaye shi ne mafi jinkiri, yana shan ƙura da ruwan sama, kuma mai alwala a wurin aiki zai tona kansa sau da yawa a rana. Tsakiyar baya a bar shi: faɗuwa a kan ƙarfe a daidai ƙashin baya na iya nakasa mutum. Jakar hannu kuma ana ajiye ta, ana fizge ta, yara na buɗe ta.

Fata ko roba mai tauri

Fata ta fi daɗi a jiki kuma tana dacewa da lanƙwasar libarba. Sabuwa takan matse. A naɗe bindiga marar harsashi a leda, a tura ta ciki, a bar ta kwana. Kada a shafa mai don ta yi laushi, domin taurin nan shi ne riƙon. Bakin kuben ya zama mai ninki biyu don kada ya rufe bayan an zaro. Idan fata ta tsufa har gefenta ya fara naɗewa kusa da kunama, a jefar da ita, irin wannan naɗin ya taɓa jan kunama a lokacin mayarwa. Robar Kydex ba ta shan zufa, bakinta ba ya rufewa, tana yin ƙas idan bindiga ta zauna. Nata laifin: sukurorinta na kwancewa, sai an ɗiga musu shuɗin maganin riƙe zare, tana narkewa ta canza siffa in an bar ta a mota da rani, tana kuma cin fentin bindiga.

Gwajin kowane kube a gida ake yi, da bindiga marar harsashi, harsasan ma a wani ɗaki. Kifa shi a kan gado ka ɗan girgiza, kada ta faɗo. Gwada taɓa kunama daga waje. Ɗaura shi ka zauna, ka sunkuya, ka yi sujada, ka shiga mota, ka hau bene. Yini guda a gida zai nuna inda yake ci.

Lodi na biyu da kulawa

Bianchi Speed Strip shafaffen roba ne mai riƙe harsashi a jere, yana kwanciya a aljihu, ana loda biyu-biyu. Na zagaye irin HKS 36 ko Safariland Comp I sun fi sauri amma sun yi kauri, kuma wasu mariƙan na tare musu hanya, sai an gwada. Sandar fitar da kwanso a gajeriyar libarba ba ta kai tsawon kwanson ba, saboda haka a ɗaga bakin sama tsaye, a buga sandar da ƙarfi sau ɗaya. Bakin sama yana da wani dalili: in a kwance aka fitar, ƙwayar albarushin da bai ƙone ba na faɗawa ƙarƙashin ƙarfen nan mai siffar tauraro da ke tura kwanso, silinda ya ƙi rufuwa ko kunama ta yi nauyi. Ƙwaya ɗaya ta isa. Tsohon buroshin haƙori ke fitar da ita, kuma wurin a bar shi a bushe ba mai.

Sandar fitar da kwanso kan kwance da kanta ta hana silinda buɗewa. A Smith & Wesson na zamani zarenta na hagu ne, ana ɗaure ta ta inda aka saba kwancewa. Idan harbi ya yi ƙara mara ƙarfi, a tsaya nan take, mai yiwuwa dalma ta tsaya a bututu, na gaba kuma zai kumbura shi ko ya fasa.

Duk mako a sauke harsashi, a goge zufa da zaren aljihu, a duba sukurori, a shafa yatsa a gindin harsasan don jin ko akwai wanda ya tuɗo. Harsashin ɗauka a harbe shi a sa sabo aƙalla sau ɗaya a shekara. A bayan gida na jama'a kada a fitar da ita a ɗora a kan wani abu, ta zauna a kubenta a jikin wando. A gida kuwa, da zarar ta bar jiki sai akwatin ƙarfe mai kulle, ko da yara ko babu.

Atisayen jan kunama da harsashin bogi, minti goma sau uku a mako, shi ke gina yatsa ya kuma santsantar da kunama. Ɗora kwabo a kan bindigar ka ja har ƙarshe ba tare da ya faɗi ba. A filin harbi akwai gwajin da masu koyarwa ke yawan amfani da shi: harsashi biyar, cikin da'ira mai faɗin inci biyar, daga yadi biyar, cikin daƙiƙa biyar. A yi shi da harsashin da za a ɗauka, da mariƙin da ke kan bindigar. Wanda ya kasa sau uku a jere ya sauka zuwa harsashi mai taushi ko ya ƙara girman mariƙi, ya sake gwadawa.